Tamaula: yadda Kano Pillars ta faɗi, ta sake gini, ta dawo

Daga Tanut zuwa Damagaram tafiyar kilomita wajen 150 ce, daga Damagaram zuwa Kano kuwa wajen 240. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga mutanen Damargu, domin tun zamanin ayarin raƙuma ta nan fatake ke bi daga Agadas su gangara Kano, suna yin guzuri da geron Damargu. A yau labarin tamaula ma yana bin hanyar, ta rediyo da ta salula da ta bakin matafiya. A cikin biranen ƙasar Hausa babu ƙungiyar da sunanta ya kai na Kano Pillars, wadda magoya bayanta ke yi wa kirari da "Sai Masu Gida". Abin da ya same ta daga 2022 zuwa 2025 ya cancanci masu karatu su dube shi da kyau, musamman waɗanda aka ɗora wa nauyin harkar samari da wasanni a gundumomin Tanut da Balbaji.

An kafa ƙungiyar a 1990, bayan an haɗa wasu ƙungiyoyi uku na birnin Kano wuri guda. Gwamnatin jihar Kano ce mai ita: ita ke biyan albashi, ita ke naɗa shugabanni. Ta ci gasar ƙasar Najeriya sau huɗu, a 2008, sa'annan sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. A filinta na Sani Abaca ta yi shekara 12 ba a ci ta ba a wasan gasa, sai a 2015 da Nasarawa United ta karya wannan lago.

Shekarar da dattawan magoya baya ba su mantawa da ita ita ce 2009. A gasar zakarun Afirka ta wannan shekara aka haɗa Pillars da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin. Aka tashi 1 da 1 a Najeriya, kowa ya ce magana ta ƙare, tun da sauran wasan a Alƙahira za a yi shi. Can kuwa aka tashi 2 da 2, kuma bisa dokar lokacin, wadda ke fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin hamayya, Al Ahly ta fita. Pillars ta kai har wasan kusa da na ƙarshe, inda ƴar'uwarta ta Najeriya, Heartland ta Owerri, ta tare ta. A 2018 kuma ta ɗanɗana baƙin cikin da ba a saba gani ba: a wasan ƙarshe na kofin ƙasa, a Asaba, tana gaban Rangers ta Enugu da ci 3 da babu, aka rama duka ukun, aka kuma ƙwace kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Da shekara ta zagayo, a 2019, ta ɗauki kofin a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes, shi ma da irin wannan bugu.

To, yaya aka yi ƙungiya irin wannan ta faɗi?

Farkon abin shi ne rabuwa da gida. A 2020, da annobar korona ta shigo, aka mai da filin Sani Abaca wurin killace marasa lafiya, ya zamana ƙungiyar tana karɓar baƙinta a Kaduna. Wanda ya san tamaular ƙasashenmu ya san abin da wannan ke nufi. A gasar Najeriya ƙungiyoyi 20 ne, kowace tana yin wasa 38, rabi a gida rabi a waje. Wadda ta ci tana samun maki 3, kunnen doki maki 1, kuma huɗun da suka zo ƙarshe ana saukar da su zuwa rukuni na biyu. Cin wasa a gidan wani abu ne mai wuya ƙwarai, saboda haka kowace ƙungiya da makin gidanta take rayuwa. Masu gida da aka raba da gidansu sun zama baƙi ko'ina.

A watan Afrilu na 2022 ƙungiyar ta koma Kano, ta karɓi maƙwabciyarta Katsina United. Ranar da ya kamata ta zama ta murna sai ta ƙare da rigima: wasu daga cikin ƴan kallo suka far wa motar baƙin suka lalata ta. Hukumar gasa ta cire wa Pillars maki 3, ta ci ta tara, ta kuma kore ta zuwa Abuja. A watan Yuli na wannan shekara, da aka rufe gasa, Rivers United ce ta ɗauki kambi, Kano Pillars kuwa tana cikin huɗun da suka faɗi, tare da Heartland da MFM ta Legas, da ita kanta Katsina United. Wanda aka jefa da wanda ya yi jifa rami ɗaya suka faɗa.

Faɗuwar ƙungiya ba ta tsayawa ga suna kaɗai. Yarjejeniyar ƴan wasa a waɗannan ƙasashe gajera ce, ta kaka ɗaya ko biyu, kuma duk yaron da ke da ƙafa burinsa shi ne a gan shi, ko a kira shi ƙungiyar ƙasa, ko dillali ya kai shi Turai ko ƙasashen Larabawa. A rukuni na biyu ba mai ganinsa. Saboda haka da zarar ƙungiya ta faɗi sai masu kasuwa su watse, a bar ta da tsofaffi da yaran da ba su goge ba. Ga filaye marasa kyau, ga doguwar tafiya a mota, ga ƙananan ƙungiyoyi waɗanda ba su da wani buri a duk kakar da ya wuce su kayar da mai babban suna. Ƙungiyoyi da yawa sun shiga wannan rijiya sun daɗe ba su fito ba.

Pillars kaka ɗaya ta yi a ciki. A 2023, a ƙarƙashin mai horarwa Evans Ogenyi, ta samu shiga zagayen ƙarshe na ƙungiyoyi takwas da aka yi a Asaba, ta kuma samu gurbin komawa rukuni na farko. Katsina United da Heartland ma suka dawo tare da ita, da wata sabuwa, Sporting Lagos.

A ganinmu, ginshiƙin wannan dawowa mutum ɗaya ne da bai tafi ba, wato kyaftin Rabi'u Ali, wanda Kanawa ke kira Pele. An haife shi a 1980, yana cikin waɗanda suka ci kambi uku a jere, kuma lokacin da ƙungiyar ta faɗi ya riga ya haura shekara 40. Da ya ajiye takalmansa a ranar, babu wanda zai zarge shi. Sai ya bi ta zuwa rukuni na biyu, ya dawo da ita, ya ci gaba da cin ƙwallo a rukuni na farko a shekarun da tsararrakinsa suka daɗe da zama masu horarwa ko ƴan kasuwa. Ba shi da gudun yaro, amma ya san inda ƙwallo za ta faɗo tun ba a buga ta ba, kuma bugun tazara da na fanareti hannunsa suke. Mai gina ƙungiya yana iya sayen mai gudu a kowace kasuwa. Abin da ba ya sayuwa shi ne dattijon da sabon yaro zai kalla a ɗakin sauya riga ya san gidan da ya shigo.

A kakar 2023 zuwa 2024 aka damƙa ƙungiyar ga Abdu Maikaba, wanda ya yi suna wajen aiki da matasa. Aikin da ke gabansa shi ne kada a sake faɗuwa, kuma ba a faɗi ba. Amma bai ga kaka ta biyu ba. A 2024 aka kawo Usman Abdallah, wanda ya ci gasa da Enyimba ta Aba a 2019, kuma daga nan salon ginin ya sauya: aka shiga kiran ƴan gida da suka yi suna a waje.

Babbansu shi ne Ahmed Musa. A Pillars ya fito fili, a kakar 2009 zuwa 2010, inda ya ci ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar yana ɗan saurayi. Daga nan ya tafi Holand, sai CSKA ta Mosko a 2012, ƙungiyar da ta sayi namu Musa Ma'azu a 2009. Ya buga a Leicester ta Ingila da Al Nassr ta Saudiyya, ya ci kofin Afirka da Najeriya a 2013, ya jefa wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya jefa wa Aisland biyu a ta 2018. Ya taɓa dawowa Pillars na ɗan lokaci a 2021 kafin ya wuce Turkiyya. A watan Oktoba na 2024 ya sake dawowa, tare da Shehu Abdullahi, shi ma tsohon ɗan ƙungiyar ne da ya buga wa Najeriya. A wasansa na farko, da Sunshine Stars, Ahmed Musa ya ci biyu. Fili ya cika a Kano, kuma har a garuruwan da ƙungiyar ta je baƙunci jama'a sun yi ta fitowa don su gan shi.

Amma fa suna daban, kambi daban. Pillars ta ƙare kakar a tsakiyar jeri, ba ta faɗi ba, ba ta kuma samu gurbin gasar Afirka ba. Wadda ta ci gasar a 2025 ita ce Remo Stars, daga wani ƙaramin gari mai suna Ikenne a jihar Ogun. Ba ta gwamnati ba ce, ta wani attajiri ce, Kunle Soname, tana kuma da filinta da makarantar rainon yara. Ta hau rukuni na farko a 2021, ta zo ta uku a 2022, ta biyu a 2023, ta biyu a 2024, sa'annan ta ɗaya, kuma mai horarwa ɗaya, Daniel Ogunmodede, shi ya jagorance ta a kakanni ukun ƙarshe na wannan hawa na bene mataki mataki. Pillars kuwa daga 2020 zuwa 2025 ta ga masu horarwa aƙalla shida: Bafaranshe Lionel Soccoia, da Ibrahim Musa, da Salisu Yusuf, da Ogenyi, da Maikaba, da Abdallah. Kowane ya zo da mutanensa da tsarinsa, kafin bango ya bushe an kira wani magini. Wannan ciwo ne na ƙungiyar gwamnati: kuɗi ba su yankewa, amma haƙuri gajere ne, domin wanda ya naɗa shugabanni yana son ganin kofi kafin wa'adinsa ya cika.

Mu ma nan gida mun san irin wannan ciwo, ta wata fuska. Jangorzo ta Maraɗi ta ci gasar Nijar a 1983, Espoir ta Damagaram ta ci a 1984. Daga 1985 har zuwa 2024, duk shekarar da aka kammala gasar, a Yamai kambin ya kwana. A shekarun baya-bayan nan kuma yawancin masu ɗaukarsa ƙungiyoyin ma'aikatu ne: ta sojoji, ta gardi, ta duwan, ta ƴan sanda, ta jandarma, ta SONIDEP da ta NIGELEC. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Su ke da albashin da ba ya tsinkewa, wani lokaci ma da fatan samun aiki bayan an bar wasa. Yaron da ya tashi yana buga tamaula a rairayin Tanut ko Balbaji, in Allah ya ba shi ƙafa, Damagaram zai fara zuwa, daga can Yamai ta ɗauke shi. Ƙungiyar jaha tana raino, wata tana girbi, kowace kaka sai ta sake gini daga tushe. Magajin garin da ke son garinsa ya yi suna a wannan fage ba zai iya gasar albashi da ma'aikatu ba. Abin da ke hannunsa shi ne fili mai katanga, da malamin wasa da za a bari ya daɗe, da gasar unguwanni da ta makarantu wadda ba ta mutuwa in an sauya shugaba. Ikenne ba ta kai unguwa ɗaya ta Kano yawan jama'a ba.

Mu koma Kano. A watan Yuli na 2025 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar, alhali bai daina buga mata wasa ba. Mutum ɗaya ya zama mai sa hannu a takardun ƴan wasa, ya kuma zama abokin wasansu a fili, ƙarƙashin mai horarwar da shi ne shugabansa a ofis. Wasu sun ga hikima a ciki, domin sunansa yana buɗe ƙofofin masu kuɗi da na hukumomi. Wasu sun ce taura biyu ba ta taunuwa.

Ba a yi nisa da sabuwar kaka ba sai tsohon ciwo ya tashi. Ranar 12 ga Oktoba 2025 Pillars ta karɓi Shooting Stars ta Ibadan a filin Sani Abaca. Tana gaba da ci ɗaya har zuwa ƙarshen lokaci, sai baƙi suka rama. Da alƙali ya busa tashi, ƴan kallo suka kutsa cikin fili, aka taɓa alƙalan wasa da ƴan wasan baƙi. Ahmed Musa, a matsayinsa na manaja, ya fito ya ba da haƙuri. Hukumar gasa ta cire wa ƙungiyar maki 3 da ƙwallo 3, ta ci ta tarar naira miliyan 9 da rabi, ta rufe mata filinta. Maki ɗaya aka samu a fili a wannan yammaci, uku suka zube daga wurin zaman ƴan kallo. Garin da aka tura Masu Gida su riƙa karɓar baƙinsu kuwa shi ne Katsina, a filin Muhammadu Dikko, gidan ƙungiyar da aka farfasa wa mota a 2022.