Kyamarar da ke yi wa sararin sama awo duk bayan kwana uku

Duk uwar da ke kai jariri awo ta san cewa hawa sikeli sau ɗaya ba ya nuna komai. Sai an auna yaro wata bayan wata, ana rubutawa a kati, sannan a gane ko yana girma ko yana ramewa. Wannan dabarar ce masana taurari suka bi wajen ƙera kyamarar dijital mafi girma a duniya.

Kyamarar tana cibiyar binciken taurari ta Vera C. Rubin, a kan dutsen Cerro Pachón a ƙasar Chile. An haɗa ta a ɗakin bincike na SLAC da ke Kalifoniya a Amurka, aka kai ta Chile a 2024, hotunanta na farko kuma suka fito ranar 23 ga Yuni, 2025.

Wayar da ke hannunki wataƙila megafiksel 50 gare ta. Wannan tana da 3,200. Girmanta ya kai ƙaramar mota, nauyinta kusan tan 3. Wani madubi mai faɗin mita 8.4 ne ke tattaro mata hasken taurari, ya zuba shi a kan ƙananan faranti 189 masu kama haske. Ana sanyaya farantan zuwa kusan digiri 100 ƙasa da sifili, domin zafi yana ɓata hoton abu mai raunin haske. Hoto ɗaya kan ɗauki filin da zai ci cikakken wata kusan 45.

Aikinta shi ne ta zagaye sararin saman kudu duk bayan kwana uku ko huɗu, har tsawon shekara 10. Kwamfuta za ta riƙa gwada hoton yau da na baya, duk abin da ya matsa ko ya ƙara haske ta fito da shi. A gwajin kusan awa 10 kawai, ta gano duwatsu 2,104 masu yawo a sarari waɗanda ba a san da su ba.

Kada ki ce wannan labarin nesa ne. A watan Oktoba na 1962, dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, yankin Katsina, daga baya bincike ya nuna daga duniyar Mars ya fito. Wannan ƙarami ne. Manyan, masu iya yin ɓarna, su ake so a hango tun suna nesa.

An kai kyamarar kan dutse ne domin neman duhu, abin da ƙauyukan Doguwa, Tudun Wada, Kiru da Bebeji suke da shi kyauta. Yaron da ke kwance a tabarma a Riruwai yana ganin taurarin da fitilun birnin Kano suka ɓoye wa ɗan birni.

Vera Rubin, wadda cibiyar ta ci sunanta, uwa ce mai 'ya'ya huɗu, kuma duka huɗun sun yi digirin digirgir a kimiyya ko lissafi. Idan 'yarki ta nuna Zara ko Kaza da 'ya'yanta ta tambaye ki, kada ki ce ta cika surutu. Ba ta littafi da biro, ta zana inda ta gan su yau, ta sake zanawa bayan sati biyu a daidai wannan lokacin. Da kanta za ta ga sun matsa.

Waɗanne sunayen taurari kika koya a wurin kakarki? Rubuto mana a ƙasa.