Ƙwaƙwalwar giya: a gyara ta cikin motar ko a sayo wata?

Motar da ke canza giya da kanta tana da wata ƴar kwamfuta da masu gyara ke kira ƙwaƙwalwar giya. Ita ke sauraron na'urorin da ke auna gudun mota da yadda direba ya taka totur, sannan ta buɗe ko ta rufe ƙananan bawul masu aiki da wuta a cikin giya, domin mai ya bi inda ya kamata. Ranar da ta rikice, mota takan doka da ƙarfi idan an sa ribas, ko ta maƙale a giya ɗaya, inji na ta kuka amma ba gudu. Mai mota a Dakoro, da ke da tafiyar kusan kilomita 120 tsakaninsa da garejojin Maraɗi, hanya biyu ce a gabansa: ya aika a sayo masa wata ƙwaƙwalwar ta hannu, ko ya kai tasa a buɗe ta a gyara.

Kafin a kai ga zaɓin, sai an tabbatar laifin nata ne, kuma a nan kuɗin mutane ya fi salwanta. Tun 1996 kowace motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai kuma ta wajabta irinta ga motocin fetur a 2001. Nan ake jona na'urar bincike. Idan ta nuna P0700, ba ta ce ƙwaƙwalwa ta mutu ba. Cewa ta yi akwai ƙorafi daga ɓangaren giya, a shiga a duba. Idan ta nuna U0101, magana ce ta yanke tsakanin ƙwaƙwalwar da sauran motar, kuma sau da yawa fis ne ya ƙone, ko batir ya yi sanyi, ko wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota ta yi tsatsa, ko ɓera ya ci waya a inda ake ajiye motar kusa da buhunan gero. Makanikin kirki zai bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. Zai kuma zaro sandar man giya ya goga a farin ƙyalle. Jan mai mai haske albishir ne. Baƙi mai warin ƙuna, da ɗan gari-gari tsakanin yatsu, yana nufin ɓarna ta riga ta shiga cikin giyar kanta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Toyota RAV4 ta 2001 zuwa 2003, wadda ta cika titunan Nijar. A wannan motar ƙwaƙwalwar giya da ta inji akwati ɗaya ne, yana bayan ɗan ma'ajin da ke gaban fasinja. An san ta da wannan ciwo: duka wajen shiga ta uku, duka wajen ribas, da lambobi irin su P0750, P0755 da P1760 waɗanda ke nuna bawul ɗin giya alhali laifin yana cikin akwatin. Ƙorafin ya yi yawa a Amurka har kamfanin ya tsawaita garanti a 2010 zuwa shekara 10 ko mil 150,000. Motar da ta iso Dakoro ta daɗe da wuce wannan alfarma.

Sayen ta hannu yana da farin jini, kuma da dalili. Ba a buɗe komai, a cire a sa. Ana samunta a Maraɗi, ko a yi waya Ƙofar Ruwa a Kano a ɗoro ta a motar da ke biyowa ta Jibiya da Ɗan Isa. Idan Allah ya sa an dace da wadda kamfani ya gyara wa kuskuren daga baya, to mai mota ya huta. Sai dai dacewar ba a hannunsa take ba. Akasarin waɗanda ke kasuwa an ciro su ne daga motocin waɗancan shekaru uku, da ciwonsu a ciki, kuma mai sayarwa ba shi da yadda zai gwada a kan tebur. Cinikin biri a sama ke nan. Dole lambar da ke jikin akwatin ta dace da ta motar, domin ta motar Turai daban, ta Amurka daban. In motar na da makulli mai sirri, sabuwar ƙwaƙwalwa ba ta san makullin ba, inji ba zai tashi ba sai an nemo mai na'urar da zai haɗa su. Ga kuma tsadar hanya: tun da aka rufe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kayan da a da ke zuwa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso.

Gyara kuwa yana zuwa ne daidai inda ciwon yake. Idan aka kwance murfin aka ɗora allon a ƙarƙashin madubin ƙara girma, akan ga dalmar da ke riƙe da ƙafafun wasu ƙananan kayan wuta ta dushe, da wani siririn zobe na tsagewa kewaye da ita. Zafi ya buɗa, sanyi ya tsuke, shekara da shekaru, ga rana ta wuce maki 40 a watan Afrilu, ga girgizar hanyar Bermo da yashin kwarin Tarka. Mai gyara zai zuƙe tsohuwar dalma, ya canza abin da ya gaji, ya zuba sabuwa. Akwatin da ya koma motar nata ne tun asali, ya san makullinta, ba ruwan kowa da neman lamba.

Ni dai a wannan motar gyara na fi amincewa da shi, kuma ina jin takaicin ganin ana jefar da akwatin da dalma kaɗan za ta tayar. Amma akwai sharaɗi mai nauyi, wato hannun da zai yi aikin. Yaranmu masu gyaran wayar salula a kasuwa suna da natsuwar hannu da kayan aikin, abin da suka rasa shi ne wanda zai nuna musu wuraren da za a taɓa. Wanda bai sani ba zai iya ƙona layin allon, a rasa gyaran a rasa akwatin. Gara motar ta kwana uku a ajiye, a aika akwatin Maraɗi ko Kano wurin wanda ya saba.

Ba kowace mota ce ke karɓar wannan hukunci ba. Ƙwaƙwalwar Ford Focus da Fiesta masu giyar PowerShift a jikin giyar aka ɗaure ta, ta Mercedes mai giya 7 kuma a cikin man take zaune. Irin waɗannan canji da saiti da kwamfuta suka fi dacewa da su. Haka allon da ruwan damina ya shiga har ya yi kore, ba dalmar da za ta cece shi.

Abin da ke kashe RAV4 ɗin nan shi ne jinkiri. Duk dukan da giya ta yi, faifan kulocin da ke ciki ne ke cinyewa. Mai mota yakan ce, "Malam, bari dai mu ci kasuwar nan tukuna." Makaniki ya amsa, "Alhaji, yau akwati ne, gobe giya ce gaba ɗaya." Wani kuma ya canza giyar ya bar tsohuwar ƙwaƙwalwa a wurinta, ta cinye sabuwar kamar yadda ta ci ta farko. Saboda haka ko gyarawa aka yi ko sayowa, a goge tsofaffin lambobin, a hau kwalta har mai ya yi zafi, a ji shigar ta uku da ribas sau da dama, a sake jona na'ura, sannan a biya kuɗin aiki.