Kusu a gidajen bakin gari: a toshe rami kafin a sayi guba

Kaka ta yi. An yanke gero, an ɗaure dammuna, amalanke na ta kai da komowa tsakanin gonaki da gari. A daidai wannan lokaci ne wani baƙo yake biyo hatsi har cikin gida, ba tare da sallama ba. Shi ne kusu, wanda waɗansu suke kira ɓera. Idan suna da yawa mukan ce "kusa", amma a nan za mu riƙa rubuta "ɓeraye", don kada sabon mai karatu ya rikita su da kusa abokiyar nesa.

Garin Dakoro yana ta faɗaɗa. Wuraren da muka sani gonaki ne a dā, yau an yanka filaye an yi gine-gine. Wanda ya zaga unguwannin bakin gari zai ga gida a nan, kango a can, gonar wake a tsakani, ga tarin bulo da kara na jiran mai su. Mutanen waɗannan unguwanni suna tsakanin ɓarayi biyu. Kusun gona yana shigowa daga daji idan abinci ya ƙare a can. Kusun gari kuma yana fitowa daga kasuwa da shaguna.

A wata ziyara da muka kai wata cibiyar yaƙi da jahilci a gefen gari, malamin ya buɗe akwatin littattafai don ya raba wa ɗalibai. Sai ga takardu a yayyage, ga jariran kusu jajaye kwance a kai. Aka yi dariya. Amma wata mata daga cikin ɗalibai ba ta yi dariya ba. Ta ce ita yatsan ƙafar ɗanta kusu ya ciza cikin dare, yaron yana barci. Daga nan hira ta ɓarke, kowa da nasa labari, kuma kusan kowa maganarsa ɗaya ce: "Na sa guba, sun mutu, bayan wata guda sun dawo." Dalilin wannan dawowa shi ne abin da muke so mu duba tare.

Wane ne wannan baƙo?

Ba duka ɓeraye ne iri ɗaya ba. Daga shekarar 2009 zuwa 2011, masu bincike na Nijar da na Faransa sun ɗana tarkuna a unguwannin birnin Yamai. Sun tarar wanda ya fi yawa cikin gidajen jama'a shi ne kusunmu na gargajiya, wanda macensa take da nonuwa da yawa. Masana suna kiransa Mastomis. Baƙin ɓera kuwa, mai dogon wutsiya da iya hawa, sun fi samunsa a kasuwanni da manyan ɗakunan ajiya. Shi baƙo ne a ƙasarmu. Cikin motocin kaya yake ɓuya, ya bi hanya daga gari zuwa gari. Ke nan buhun masara da aka sauke daga Maraɗi yana iya zuwa da fasinjan da bai biya kuɗin mota ba.

Ƙarfin kusu yana ga haihuwa. Macen Mastomis takan ɗauki ciki na kwana 23 kawai. Haihuwa ɗaya takan zuba ƴaƴa 10 ko 12. Su kuma cikin wajen wata 3 sun isa haihuwa. To, mai gida ya kashe 10 da guba, amma ya bar hatsi a buɗe, ya bar ramuka a sake. Me ya yi? Ya rage masu cin tuwo ne kurum, waɗanda suka saura suka ƙoshi, suka hayayyafa, na maƙwabta kuma suka ƙaura zuwa wurin da aka yi musu shara.

Dattawanmu sun ga irin wannan da idonsu. Bayan farin 1973 da 1974, da ruwa ya dawo, ɓeraye sun yi ambaliya a ƙasashen Sahel cikin 1975 da 1976. Haka kuma bayan yunwar 1984, an sake ganin irinta a 1986 da 1987. Idan ciyawa da hatsi suka wadata bayan shekarun wahala, kusu ne yake riga kowa murmurewa. Saboda haka shekarar albarka ita ce shekarar da ya kamata a fi sa ido.

Mu yi ɗan lissafi

Kusu yakan ci kamar kashi 1 cikin 10 na nauyin jikinsa kowace rana. Babban ɓera mai nauyin giram 150 zai ci giram 15. Wani zai ce wannan ai ba komi ba ne. To, mu ɗauka akwai 20 a gida. Giram 15 sau 20 ya ba da giram 300 a rana. A wata guda kilo 9 ke nan, wato fiye da tiya 3 da rabi. A shekara kilo 108, ya zarce buhu mai tiya 40. Muna roƙon malaman cibiyoyi su sa wannan lissafi a allo, ɗalibai su yi da hannunsu.

Kuma abin da ya ɓata ya fi abin da ya ci. Haƙoran gabansa ba su daina tsiro, dole ya yi ta gaigayar abu don ya rage su. Shi ya sa yake cin tabarma, da sabulu, da kayan ɗakin amarya, da wayar lantarki. Masu ajiye wake su lura da kyau. Buhun nan mai ciki uku da ake kira PICS, wanda aka fara yaɗawa a Nijar a 2007 tare da masu binciken INRAN na Maraɗi, yana kashe ƙwarin wake ne don iska ba ta shiga. Ranar da kusu ya huda shi, ko da ƙaramar ƙofa ce, aikin buhun ya tashi. Ƙwari su farfaɗo, waken da ake jiran ya yi tsada ya koma gari.

Ciwon da yake kawowa

Kusu yana tafiya yana fitsari da kashi. Daga salga yake fitowa ya hau kan kwanon tuwon da aka bari ba murfi. Ta haka ake samun gudawa da zazzaɓi ba a san mafarinsu ba. A lambunan bakin kogi na Yamai, masu bincike sun sami ƙwayar wata cuta a jikin ɓeraye, wadda take fita ta fitsarinsu ta shiga ruwa, ta kama mutum ta wurin rauni a ƙafa ko hannu.

Akwai kuma zazzaɓin Lasa. An fara gane shi a 1969 a garin Lasa na jihar Borno, a Najeriya. Kusun nan mai nonuwa da yawa shi ne yake ɗauke da shi, kuma ta abincin da fitsarinsa ko kashinsa ya taɓa ake kamuwa. Ya fi tsanani a jihohin Ondo, da Edo, da Bauci, da Taraba, musamman da rani. Yawancin waɗanda ya kama ba ya yi musu tsanani, amma yana kisa, yana kuma barin waɗansu da kurumta. Mu mutanen jihar Maraɗi ba mu rabuwa da Najeriya, ga fatauci ga cin rani. Wanda ya dawo daga can da zazzaɓin da maganin masassarar cizon sauro bai saukar ba, ya je likita da wuri, ya kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya inda ya fito.

Kada mu manta, inda kusu ya yi yawa maciji yakan biyo shi.

In kusu da sata, daddawa ma da wari

Hausawa sun gama magana da wannan karin. Kusu ba ya zama gidan da babu ci, babu maɓoya. Aikin farko ke nan, kuma ba ya cin ko dala.

Mu fara da abinci. Sauran tuwo da fura a rufe su da murfi mai nauyi, faifai ba ya hana kusu. A wanke kwanoni da dare, kada a bari sai safe. Inda aka yi sussuka ko daka a share tsabar da ta zube kafin rana ta faɗi. Dusar tumaki, wadda yawancinmu muke jingine buhunta a lungu, ta shiga cikin tano mai murfi. Tsabar gero da ta wake ma sun fi tsira a tano ko jarka da aka toshe bakinta. Idan buhu ne, kada ya kwanta a ƙasa, kada ya jingina da bango. A ɗora shi bisa katako, a bar tazarar kamu 1 tsakaninsa da bango, yadda mutum zai zaga da fitila ya duba, mussa ma ta samu hanyar wucewa.

Rumbu yana son kulawa ta musamman. A nan ƙasarmu, tun daga Kornaka har Birnin Lalle, rumbun kara ko na zana muka fi yi, bisa duwatsu ko itace. Idan gindinsa ya yi ƙasa ƙwarai, ya zama inuwar kusu. A ɗaga shi sosai, har mita 1 idan da hali. A kowace ƙafa a ɗaura guntun kwanon rufi mai siffar malfa, bakinsa yana kallon ƙasa. Kusu ya hawo ya ci karo da shi, santsi ya mayar da shi. Maƙeri ko mai gyaran kwano zai yanka maka shi daga tsohon langa-langa. Amma duk wannan aikin banza ne idan aka jingina tsani, ko galma, ko damin kara a jikin rumbun, ko reshen itace ya sauko bisa kansa. Mun sha ganin rumbu da malfunansa huɗu cif, ga kuma tsani an bari a jingine, kamar an ce wa ɓarawo bismilla.

Sai maɓoya. Harawa da kara a ɗora su bisa runfa, nesa da ɗakin kwana. A nome ciyawar da ke bin gindin katanga ciki da waje. Juji ya yi nisa da gida. Salga ta samu murfi.

Daga nan a bi ɗaki da katanga ana neman ƙofofi. Ramin da fensir zai shiga, ƙaramin kusu zai bi ta nan. Wanda babban yatsa zai shiga ya ishi babba. A duba ƙarƙashin ƙyaure, da inda azara ta haɗu da bango, da wuriyar da ruwa yake fita. Toshe rami da tsumma ko da laka zalla ɓata lokaci ne, dare ɗaya ya ishe shi ya buɗe. A kwaɓa laka da tsakuwa da fasassun kwalabe, ko a sa siminti idan akwai. Wuriya a sa mata ragar ƙarfe. Ƙasan ƙyauren katako a buga masa kwano.

Tarko da abokan aiki

Bayan an rufe abinci ne tarko yake kamu, don sai da yunwa kusu yake kusantarsa. A ɗana shi a gindin bango, nan ne hanyarsa, ba tsakar ɗaki ba. Ƙuli-ƙuli ko guntun busasshen kifi ya isa. Baƙin ɓera yana da tsoron sabon abu, saboda haka a bar tarkon da abinci dare 2 ko 3 ba a ɗana ba, sai ya saba. Tarko 5 a dare ɗaya sun fi tarko 1 a dare 5. Akwai kuma dabarar kakanni: a binne tulu har wuya a bayan rumbu, a zuba ruwa rabi, a watsa ƙaiƙayi a kai. Sai dai a rufe shi da rana saboda yara.

Mussa abokiyar aiki ce, a riƙe ta da kyau. Mujiya ma haka, duk da baƙin jinin da take da shi wurin mutanenmu. Tsuntsuwa ce da kusu ne tuwonta na kowane dare, wanda ya jefe ta ya yi wa ɓeraye aiki. Jaba kuwa, mai dogon baki da wari, ba ta cin hatsi. Ƙwari take ci.

Mushen kusu kada a ɗauke shi da hannu tsirara. A sa hannu cikin leda, a binne shi da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Kashinsa kada a share shi a bushe, ƙurar tana shiga hanci. A yayyafa ruwan jabel tukuna, awo 1 cikin awo 9 na ruwa. Wanda kusu ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu nan take, ya tafi likita. Yara kuma a hana su kamun ɓeraye suna gasawa.

Maganar guba

Ba mu ce guba ba ta kisa ba. Tana kisa, har ta wuce inda aka aike ta. A ranar kasuwa ana sayar da ita cikin ƙullin leda, ba suna, ba bayani. Waɗansu ma kamar shinkafa take, ko a cuɗa ta da ƙuli-ƙuli, abin da yaro mai rarrafe zai kai baki ba tare da wata-wata ba. Kaji da zabi su tsattsaga su mutu. Mussa ta ci kusun da ya sha guba, ita ma ta bi shi, gida ya rasa mai gadinsa. Ƙwayar nan ta feshin buhu kuwa, wadda take fitar da iska mai kisa, ba ta da wuri a ɗakin da mutane suke kwana, ko kusa da shi.

Wanda abin ya fi ƙarfinsa ya je wurin malaman gona, su nuna masa irin da aka yarda da shi da yadda ake sa shi cikin akwati mai ƙaramar ƙofa. Idan tsautsayi ya sa yaro ya haɗiye guba, kada a tsaya ba shi nono ko mai, kada a sa shi amai. A ruga da shi likita, a tafi da ƙullin gubar don ma'aikata su gani.

Gida ɗaya ba ya gama wannan yaƙi, tun da katanga ba ta raba kusun wani da na wani. Mai unguwa ya tsayar da rana, yanzu da hatsi yake shigowa gida, a yi gayya. Masu kangaye da filayen da ba a gina ba a aika musu su zo su share nasu. Bayan mako guda, kowa ya barbaɗa toka mai laushi a gindin bango da ƙarƙashin rumbu da dare. Da safe a duba. Inda aka ga sawu, akwai sauran ƙofar da ba a toshe ba, sai a bi sawun har a same ta.