Maigadi ko Ƙararrawa: Wa Ya Fi Tsare Mazauna Benayen Birtaniya Daga Gobara?

A daren 14 ga Yunin 2017 wuta ta tashi daga wani firji a hawa na huɗu na benen Grenfell da ke yammacin Landan. Benen mai hawa 24 an lulluɓe bangonsa na waje da fallayen alminiyum masu roba a ciki, sai wutar ta fita ta taga, ta bi robar nan ta haye sama cikin 'yan mintuna. Mutum 72 suka rasu. Bayan wannan masifa aka shiga binciken dogayen gidaje a faɗin ƙasar, aka tarar ɗaruruwansu na sanye da irin wannan lulluɓi, ko kuma suna da wasu lahani makamantansa.

Wannan ya rushe wata tsohuwar ƙa'ida. A da, shawarar da 'yan kwana-kwana ke ba mazauna irin waɗannan benaye ita ce: in wuta ba a gidanka ta tashi ba, rufe ƙofa ka zauna, domin an gina kowane gida yadda zai riƙe wutarsa har a zo a kashe. To, idan bangon waje kansa makamashi ne, zama ya zama haɗari, dole kowa ya fita lokaci guda. Matsalar ita ce yawancin benayen ba su da ƙararrawar da za ta tashi kowa da kowa, tunda ba a gina su don haka ba. Hanyoyi biyu aka samu na cike wannan giɓi kafin a yi gyara: a zuba masu sintiri dare da rana, ko a kafa ƙararrawar gama-gari.

Masu sintirin nan ma'aikatan kamfanonin gadi ne. Za ka gan su cikin riguna masu ƙyalli, da rediyon hannu da ƙahon busa, suna hawa suna sauka a matakala, suna leƙa lunguna da wurin zuba shara, suna zagaya ginin ta waje. Idan suka ga hayaƙi, aikinsu su kira 'yan kwana-kwana, su busa ƙaho, su bi ƙofa-ƙofa suna bugawa har kowa ya fito. Babbar fa'idarsu ita ce sauri: yau injiniya ya ce ginin na da haɗari, gobe an kawo su, ba sai an kwashe iyalai zuwa otal ba. Kuma mutum yana da ido da hankali. Yana iya ganin an tare hanyar fita da tsohuwar katifa, yana iya sanin cewa a hawa na tara akwai tsohuwar da ba ta iya sauka sai an riƙe ta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin cikin waɗanda suka rasu a Grenfell har da naƙasassu 15.

Amma mutum yana gajiya, yana gyangyaɗi. Mazauna gidaje sun sha ɗaukar hotunan masu sintiri suna barci ko sun duƙufa kan waya. Ko mai himma ne, ba ya ganin abin da ke faruwa bayan ƙofar da aka kulle, alhali gobara galibi a cikin gida take farawa, a kicin ko a wajen soket. Yana hawa na biyu, wuta na iya cin labule a hawa na sha biyar. Sannan buga ƙofofi ɗari da ƙarfe uku na dare aiki ne mai cin lokaci, ita kuwa wuta ba ta jira.

Ga kuma tsada. Alƙaluman da gwamnati ta fitar a 2020 sun nuna cewa matsakaicin kuɗin sintiri ya kai fam 331 a wata ga kowane gida a Ingila, a Landan kuwa fam 499. Ba maginan da suka sa lulluɓin ne suka riƙa biya ba. Kuɗin ya faɗa kan waɗanda suka sayi gidajen bisa hayar dogon zango, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, matasan da suka ci bashin banki suka sayi gidan farko. Ga kuɗin inshora ya haura, ga gidan ba ya sayuwa saboda bankuna sun daina ba da rance a kansa. Abin da aka ce na 'yan makonni ne, a wasu benayen ya shekara biyu, uku, ana biya.

Ita ƙararrawar gama-gari aikinta daban ne. Ana liƙa na'urar jin zafi a ɗakunan da tagoginsu ke kallon bangon mai lahani, a haɗa su duka, yadda da zarar ɗaya ta ji wuta, ƙara za ta tashi a kowane gida a lokaci guda. Ba ta barci, ba ta zuwa bayan gida, kuma tana nan cikin ɗakin da maigadi ba ya shiga. Kuɗinta sau ɗaya ake biya, sai ɗan na kulawa, kuma a gine-gine da yawa kuɗin sintirin 'yan watanni ya isa ya kafa ta. Rauninta shi ne kafawar na ɗaukar lokaci, sai an shiga gida-gida, wani ba ya nan, wani ya ƙi buɗewa. Idan tana yawan kukan ƙarya, mutane su daina kula ta. Kuma ba ta da hannun da za ta tallafi gurgu ko ta tada kurma, shi ya sa wasu benayen ke barin ma'aikaci ɗaya ko biyu ko bayan an kafa ta.

Hukumomi ma sun karkata gare ta. Majalisar shugabannin hukumomin kashe gobara ta ƙasar ta bayyana a ƙa'idojinta cewa sintiri matakin wucin gadi ne, a maye gurbinsa da ƙararrawa da wuri. A Disamban 2020 gwamnati ta ware fam miliyan 30 domin kafa ƙararrawa a benayen da ke biyan masu sintiri, a farkon 2022 ta ƙara wasu miliyan 27.

Idan aka auna su, sintiri ya dace da makonnin farko, lokacin da aka gano haɗari kuma babu wata dabara a hannu. Da zarar ya wuce haka, ƙararrawa ta fi shi amincin gano wuta, ta fi shi saurin tada mutane, ta fi shi sauƙi ga aljihu, sai dai a haɗa ta da tsari na musamman domin marasa ƙarfi. Amma kada a manta, duka biyun ba sa hana wuta kama bango, gudu kawai suke koya wa mutane. Rahoton ƙarshe na kwamitin binciken Grenfell, wanda ya fito a Satumban 2024, ya ce duk mace-macen nan abin kaucewa ne. Maganin gaskiya shi ne a ɓamɓare lulluɓin, kuma waɗanda suka ƙera shi da waɗanda suka liƙa shi su biya kuɗin aikin, ba iyalan da ke kwana a bayansa ba.