Famfon rijiya: mu riƙa rubuta ranar da ya lalace

Ƴan uwa makiyaya da manoma, kowa ya san wahalar bazara. Saniya guda tana shan lita 30 ko fiye a rana. In famfon gari ya tsaya kwana 5, sai a kora bisashe nesa neman ruwa. Nono ya ragu, maruƙa su rame, a yi ta cunkoso da faɗa bakin rijiyar maƙwabta, cuta kuma ta samu hanyar yaɗuwa.

Ba wanda ya san ranar da famfo guda zai lalace. Amma in anka haɗa labarin famfo da yawa, ana iya sanin abin da ke tafe. Shi ya sa muke roƙon kowane kwamitin ruwa ya aje kaye. A rubuta abu 4: ranar da famfo ya tsaya, abin da ya ɓaci, ranar da anka gyara, da kuɗin da anka kashe.

Ga misali. A ce ƙauyuka 10 suna da famfo 10 iri ɗaya, ko na hannu India Mark II, ko na ƙafa Vergnet. Cikin shekara sun lalace sau 20. Ke nan kowane famfo sau 2, wato kamar bayan wata 6. In cikin 20 ɗin nan sau 12 roba ce ta cinye, to mai gyara ya san robar da zai tanada tun kaka, ba sai bazara ta kama ba.

Amma a lura, lissafin taro yana ɓoye abu. Wataƙila famfo guda ne ya lalace sau 8 shi kaɗai. To wannan a duba shi daban: ko rairayi yake jawowa, ko garke ya yi masa yawa, ko tun farko ba a ɗaura shi daidai ba.

A duba kuma tsakanin lalacewa da lalacewa. In famfo ya yi wata 8 lafiya, sannan wata 5, sannan 3, sannan 1, tsufa ne ya kama shi. Gyara ba ya maida tsoho sabo, abin da ya ɓaci kaɗai ake canzawa. Nan sai kwamiti ya daina facin kullum, ya tara kuɗin babban gyara. In kuwa tsakanin yana ƙara tsawo, mai gyaranku ya iya aikinsa, ku riƙe shi.

Mu ma haka muke bin firijin da muke aje maganin rigakafi da baburan aiki.

Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ko ya sa ɗan makaranta. In ma'aikacin kiwo ya zo, a nuna masa kayen. Allah ya ba mu lafiyar bisashe.