Sayen Tsohon Takobin Japan: Shaida Tana Cikin Ƙota

Idan aka miƙa wa masanin takubban Japan tsohon takobi, ba adon kube yake fara dubawa ba. Sai ya fitar da ɗan tsinken gora da ke riƙe da ƙota, ya zare ta, ya tsura wa gindin ƙarfen ido, wurin da suke kira nakago. Tsatsar da ta shekara 700 a wurin baƙa ce wuluk, mai laushi a hannu. Ta kwanan nan ja ce mai kaushi. Yadda dillali ke buɗe bakin rago ya duba haƙora, haka shi ma yake gane shekaru daga launin tsatsa, da sawun magagari, da yawan hudar da aka yi wa gindin. Duk wanda ya kankare wannan tsatsa da sunan gyara ya zubar da darajar takobin, kuma ba mai iya dawo da ita.

A nan ne maƙeri ke sassaƙa sunansa, a nan ne kuma aka fi cutar masu saye. Jabun suna tsohuwar sana'a ce a Japan. Kotetsu, maƙerin birnin Edo na ƙarni na 17, ya yi ƙaurin suna saboda yawan jabun da ake jingina masa. Su kuwa dogayen takubban Masamune, gwanin ƙarshen zamanin Kamakura, akasarinsu ba su ɗauke da suna, domin an datse gindinsu daga baya. Saboda haka mai hankali ƙarfen yake karantawa: zanen da naɗewa da bugu suka bari a jikinsa, da hamon, wato farin layin da ke bin kaifi, wanda yake fitowa idan an shafe ruwan takobi da yumɓu, aka gasa shi, aka tsoma cikin ruwa. Daga waɗannan ake gane ko aikin yankin Bizen ne, ko Yamato, Yamashiro, Soshu ko Mino. Tsaga ɗaya siririya da ta ratsa kaifin ta isa ta kashe ciniki.

Yadda takubban suka bazu a duniya labari ne mai ɗaci. A 1876 gwamnatin Meiji ta hana samurai ɗaura takobi. A 1945 sojojin mamaya suka sa aka tattara makamai, aka narkar da wasu, aka zubar da wasu cikin teku, sojojin Amurka suka tafi gida da masu ɗimbin yawa. Honjo Masamune, takobin gidan Tokugawa, an miƙa shi ga 'yan sandan Mejiro a Tokyo a ƙarshen shekarar, har yau ba a sake ganinsa ba. Don ceto sauran aka kafa ƙungiyar NBTHK a 1948. Ita ce ke tantance takobi ta ba shi takardar shaida mai hawa huɗu, daga Hozon zuwa Tokubetsu Juyo, kuma farashi yana bin hawan.

Kuɗin kan kai inda ba a zato. A 2020 birnin Setouchi ya biya yen miliyan 500 don mallakar takobin Sanchomo, aikin Bizen. Irin wannan, da yake yana cikin dukiyar ƙasa, doka ta hana sayar da shi waje. Ko takobi na gama-gari sai yana da rajista a Japan, kuma sai an samu izinin hukumar al'adu kafin a fitar da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun jahili. Mai washin takobi yakan yi kimanin shekara 10 yana koyo, kuma kowane washi yana cinye ƙarfen da ba ya dawowa. Amma mutum ɗaya da injin gurza ƙarfe zai lalata aikin ƙarni bakwai kafin la'asar. Wanda Allah ya ba ikon saye ya nemi mai takardar shaida, ya ajiye shi cikin kuben katako marar fenti, ya riƙa shafa masa mai kaɗan, kada ya taɓa ruwansa da hannu. In ba zai iya wannan ba, ya bar wa wanda zai iya.