BABI NA UKU: SAYEN RAM MAI RAHUSA DOMIN INGANTA TSOHUWAR KWAMFUTAR ƘWARARRU

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan yadda mai tsohuwar kwamfutar ƙwararru zai sayi ram cikin rahusa ba tare da ya yi asarar kuɗinsa ba. Abin da ake nufi da kwamfutar ƙwararru shi ne irin babbar kwamfutar nan ta tebur wadda aka ƙera domin aiki mai nauyi, kamar zanen gine-gine da tace fina-finai da lissafin injiniyoyi. Za a ɗauki kwamfutar Z620, wadda kamfanin HP ya fitar a shekarar 2012, a matsayin misali, domin tana daga cikin irin waɗanda ake samu na hannu a kasuwanni. Babin zai nuna cewa rahusar ram ba a kuɗinsa kaɗai take ba, tana tattare da dacewarsa da kwamfutar da za a sa masa.

3.1 Ma'anar Ram da Aikinsa

Ram shi ne ma'adanar wucin gadi inda kwamfuta take ɗora bayanan da take aiki da su a lokacin da take kunne. Da zarar an kashe ta, duk abin da ke cikinsa sai ya goge. Wannan ne ya bambanta shi da faifan ajiya, wanda yake riƙe bayanai ko da babu wuta. Ana iya kwatanta faifan ajiya da kabad, shi kuwa ram da teburin aiki. Idan tebur ya yi ƙanƙanta, dole magatakarda ya riƙa tashi yana mayar da wannan fayil kabad yana ɗauko wancan. Haka kwamfuta take yi idan ram ya cika: sai ta koma tana aron wuri a faifan ajiya, wanda ba ya kusa da ram wajen sauri, daga nan sai aiki ya riƙa tafiyar hawainiya.

Irin ram ɗin da ake amfani da shi ya samo asali ne daga ƙirƙirar Robert Dennard na kamfanin IBM a Amurka, wanda ya sami rajistar mallakar fasahar a shekarar 1968. Ana jera ƙwayoyinsa a kan wani siririn kati mai haƙoran ƙarfe a gindinsa, sannan a soka katin a gurbin da aka tanada a babban allon kwamfuta. Ana auna girmansa da gigabait.

3.2 Dalilin Rahusar Ram ɗin Tsofaffin Kwamfutocin Ƙwararru

Farashin ram ba ya tsayawa wuri ɗaya. Alal misali, a shekarar 1993 ya tashi bayan fashewar da aka yi a wata masana'antar kamfanin Sumitomo da ke Niihama a ƙasar Japan, wadda take samar da ƙaron da ake lulluɓe ƙwayoyin da shi. Haka kuma a ƙarshen shekarar 2025 farashin sabon ram ya yi tashin gwauron zabo, saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun wawashe kaso mai yawa na abin da manyan kamfanonin nan uku, wato Samsung da SK Hynix da Micron, suke ƙerawa.

Mai tsohuwar kwamfutar ƙwararru yana da wata dama da sauran jama'a ba su da ita. Kwamfutarsa tana karɓar irin ram ɗin da manyan kwamfutocin cibiyoyin bayanai suke amfani da shi, waɗanda ake kira saba. Kamfanoni sukan yi ritaya da waɗannan na'urori bayan wasu 'yan shekaru, dillalai su saye su, su zare katunan ram da ke ciki su zuba a kasuwa da yawan gaske. Tun da yake kwamfutar gida ba ta iya aiki da wannan iri, masu nemansa ba su da yawa. Kaya sun yi yawa, masu saye sun yi kaɗan, wato ke nan dole farashi ya sauka. Sai dai wannan rahusa ita ce kuma tarkon da ke kama wanda bai san bambancin ba, domin yakan saya wa kwamfutar gida, ya kunna ta ƙi tashi. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

3.3 Abubuwan Lura Kafin Saye

Akwai abubuwa huɗu da ya wajaba mai saye ya tantance, kuma yawancinsu suna rubuce a 'yar takardar da ke manne a jikin katin.

Na farko shi ne zubi. An fara sayar da DDR3 a shekarar 2007, DDR4 a 2014, sannan DDR5 a 2021. Katin DDR3 yana da haƙora 240 kuma yana aiki da bolt 1.5, shi kuwa DDR4 haƙoransa 288 ne da bolt 1.2. A tsakanin haƙoran akwai wata wushirya da aka sa a wuri daban ga kowane zubi, don haka kati ba ya shiga gurbin da ba nasa ba. Ko DDR2, wanda shi ma haƙoransa 240 ne, wushiryarsa ba a wuri ɗaya take da ta DDR3 ba. Kwamfutar Z620 DDR3 kaɗai take karɓa.

Na biyu shi ne iri. A ƙarshen lambar da ke jikin takardar akwai harafi ɗaya mai muhimmanci. Harafin U yana nuna ram na kwamfutar gida. Harafin E yana nuna mai gyara kuskure. Harafin R kuwa yana nuna mai gyara kuskure wanda kuma aka ƙara masa wata ƙwaya a tsakiya da take rage wa firosesa nauyin isar da umarni, kuma wannan shi ne irin na saba. Ram mai gyara kuskure yana ɗauke da bit 72 maimakon 64, kuma da ƙarin takwas ɗin ne yake gano bit ɗin da ya birkice ya daidaita shi. Amfanin haka ba ƙarami ba ne, domin wani bincike da aka yi a kan kwamfutocin kamfanin Google, wanda aka buga a shekarar 2009, ya gano cewa sama da kashi 8 cikin 100 na katunan ram sukan yi kuskure a cikin shekara. Abin kiyayewa a nan shi ne, ba a haɗa mai R da mai E a kwamfuta ɗaya. Saboda haka wanda ya sami masu E a cikin kwamfutarsa, ya kuma sayo masu R, tilas ne ya zare na dā gaba ɗaya.

Na uku shi ne sauri. Idan aka ga an rubuta PC3-12800R, ana nufin DDR3 ne mai musayar bayanai sau miliyan 1,600 a daƙiƙa, kowane sau kuma bait takwas, wanda ya ba da megabait 12,800. Haka nan PC3-10600 yana nufin 1,333, sannan PC3-14900 yana nufin 1,866. Firosesa ce take iyakance saurin. Rukunin farko na Xeon E5 da Z620 ta zo da shi bai wuce 1,600 ba, sai rukuni na biyu na shekarar 2013 ne ya kai 1,866. Bisa ga wannan, ƙara kuɗi a kan kati mai gudun da firosesa ba za ta kai ba asara ce. Har ila yau, idan aka gauraya katuna masu sauri daban-daban, dukkansu za su sauko su bi gudun mafi rauni.

Na huɗu shi ne gurabe. Z620 tana da gurabe takwas a babban allo, da ƙarin huɗu a allon firosesa ta biyu, waɗanda ba a samunsu sai an sa wannan firosesar. Idan aka cika duka 12 da katuna masu gigabait 8, an sami gigabait 96 ke nan. Kowace firosesa tana da hanyoyi huɗu na kaiwa ga ram. Don haka katuna huɗu masu gigabait 8 sun fi biyu masu gigabait 16 sauri, ko da yake jimlarsu ɗaya ce, domin huɗun ne suke buɗe dukkan hanyoyin. Littafin kwamfutar yana nuna gurbin da za a fara cikawa da wanda ke biye da shi.

3.4 Ciniki da Sakawa da Gwaji

A Nijeriya ana samun irin waɗannan kaya na hannu a kasuwanni kamar Computer Village da ke Ikeja a Legas, baya ga dillalan da ke sayarwa ta intanet. Ko ina ne za a saya, abin da ya fi dacewa shi ne mai saye ya tafi da lambar katin da ke cikin kwamfutarsa, ya nemi katuna masu lamba iri ɗaya, kuma ya yi yarjejeniya da mai kaya cewa zai mayar idan gwaji ya nuna matsala. Sayen ram na hannu ba da wannan sharaɗi ba cinikin biri a sama ne. Yana da kyau kuma a duba haƙoran ko akwai tsatsa ko alamar ƙuna, a kuma kula da takardar da ta yi kama da wadda aka ɓamɓare aka sake mannawa.

Wajen sakawa, sai an kashe kwamfuta an zare wayar wuta. Jikin ɗan Adam yakan tara wata 'yar wutar lantarki, musamman a lokacin hunturu da iska take bushewa, kuma wannan wuta tana iya kashe ƙwayar ram. Saboda haka ake fara taɓa ƙarfen jikin akwatin, a riƙe katin ta gefensa, a daidaita wushiryar, sannan a danna har maƙallan gefe biyu su rufe da kansu. Idan ƙura ta taru a gurbin, sai a hure ta tukuna.

Tashin kwamfuta bayan an saka ba ya nuna cewa ram lafiya lau yake. Ana gwada shi da manhaja irin su MemTest86, wadda Chris Brady ya fara fitarwa a shekarar 1994. Manhajar tana rubuta bayanai a kowane lungu na ram ta sake karantawa, kuma ana barinta ta yi zagaye da dama, wanda yakan ɗauki sa'o'i. Idan ta nuna kuskure, sai a gwada katunan ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifin a mayar da shi.

3.5 Iyakar Amfanin Ƙarin Ram

Ba kowace nawa ce ƙarin ram yake magancewa ba. Kafin a kashe kuɗi, ya kamata a buɗe manhajar da ke nuna aikin kwamfuta a ga ko ram yana cika a lokacin aiki mai nauyi. Idan rabinsa ma ba ya cika, matsalar tana wani wuri, wataƙila a tsohon faifan ajiya. Bugu da ƙari, tsarin aiki mai bit 32 galibi ba ya cin moriyar abin da ya haura gigabait 4 a kwamfutar tebur. Akwai kuma batun shekarun na'urar. Kamfanin Microsoft ya daina tallafin bai-ɗaya ga Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma firosesocin Z620 ba sa cikin jerin waɗanda ya amince wa Windows 11. Wanda zai zuba kuɗi a kan irin wannan kwamfuta sai ya yi tunanin tsarin da zai ci gaba da aiki da shi, kamar Linux. Haka kuma DDR3 ɗin da ya saya ba zai bi shi zuwa sabuwar kwamfuta ba.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an bayyana ma'anar ram da aikinsa, da dalilin da ya sa wanda aka zaro daga saba yake da rahusa, da abubuwa huɗu da mai saye zai tantance, wato zubi da iri da sauri da gurabe. An kuma nuna yadda ake ciniki da sakawa da gwaji, tare da iyakar amfanin da za a samu. A taƙaice, ɗalibi ko ƙaramin ma'aikacin da ba shi da halin sayen sabuwar kwamfuta yana iya tsawaita rayuwar wadda yake da ita, muddin ya tabbatar ƙarancin ram ne matsalarta, ya karanta lambar katin kafin ya biya, kuma ya gwada shi kafin wa'adin mayarwa ya wuce.